Yadda Ake Shirya Tafiyar Keke a Hanyoyin Tsakuwa na Baƙin Dajin Jamus

Wanda ya taso yana hawa keke a hanyar burji, daga gida zuwa gona ko zuwa kasuwar ƙauye, ba baƙo ba ne a abin da Turawa suka mayar wasan motsa jiki a 'yan shekarun nan. Har keke na musamman suka ƙera masa: kansa lanƙwasasshe irin na keken tsere, tayarsa kuwa mai kauri da 'yan haƙora, yadda zai sauka daga kwalta ya shiga tsakuwa bai wahalar da mai shi ba. Keken tsakuwa nake ce masa.

A kudu maso yammacin Jamus, cikin jihar Baden-Württemberg, akwai yankin tsaunuka mai suna Schwarzwald, wato Baƙin Daji. Ya miƙa kimanin kilomita 160 daga wajen birnin Pforzheim a arewa har zuwa kogin Rhine da ke iyakar Suwizalan. Dogayen itatuwa masu ganye kamar allura ne suka lulluɓe shi, suna da yawan da in ka shiga ƙarƙashinsu da rana tsaka sai ka ɗauka la'asar ta yi sanyi. Cikin wannan daji ma'aikatan gandu suka shimfiɗa hanyoyin tsakuwa domin motocin da ke kwasar katako, kuma waɗannan hanyoyin su ne dukiyar mai keke. Keken ma kansa ɗan wannan yanki ne. Karl Drais, wanda ya ƙera keken katako marar feda a 1817, ma'aikacin gandun daji ne haifaffen Karlsruhe, kuma a shekarar ya haura tudun da ke tsakanin Gernsbach da Baden-Baden a kansa.

Na rubuta wannan ne domin 'yan'uwa da karatu ko aiki ya kawo Freiburg, Karlsruhe, Stuttgart da makwabtansu, waɗanda ke hango tsaunukan nan ta tagar jirgin ƙasa ba su taɓa shiga ba. Abu guda nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan: a dutse ba a auna tafiya da nisa, da hawa ake auna ta.

Mataki na farko: koyi karanta hawa

Duk manhajar tsara hanya, ko Komoot ce ko wata mai aiki da taswirar OpenStreetMap, lamba biyu take ba ka. Ta farko kilomita. Ta biyu, wadda sabon shiga ke tsallakewa, ita ce jimillar mitocin da za ka haura. Jamusawa na kiranta Höhenmeter, sukan taƙaita ta da "hm". Wannan ta biyun ita ce tafiyar.

Ranar da na fara shiga dajin, kilomita 45 na tsara daga Freiburg. A fili, nisan da nake cinyewa cikin awa biyu da rabi ne. Ban dubi hawan ba, ashe ya haura mita dubu. Awa shida na yi, ruwana ya ƙare tun a rabin hanya, na gangaro da yamma jikina na rawa saboda sanyi. Da wani ya zaunar da ni ya nuna min lissafin da ke tafe, da ban sha wannan wuyar ba.

Ga lissafin. Ɗauki nisan ka raba da 15, wato kilomita 15 a awa, gudun mai matsakaicin ƙarfi ke nan a tsakuwa. Sannan a kan kowane mita 400 na hawa ka ƙara awa guda. Tafiyar kilomita 30 mai hawan mita 500 za ta ci awa uku da ɗoriya, ban da hutu da salla da cin abinci. Ma'aunin da nake amfani da shi ke nan, bai taɓa sa dare ya riske ni ba. In ƙafarka ta saba, kai da kanka za ka rage.

Sai tsinin hawan. Idan taswira ta ce kashi 5 cikin 100, tana nufin a kowane mita 100 da ka yi gaba ka tashi mita 5. Wannan kowa zai iya. Kashi 8 zuwa 10 za ka ji shi a cinya da ƙirji. Daga kashi 12 zuwa sama a kan tsakuwa, tayar baya kan fara sulɓewa, mutane da yawa sauka suke su tura, kuma ba abin kunya a ciki. Buɗe zanen hawan da manhajar ke nunawa a ƙasan taswira ka bi shi da yatsa. Doguwar hawa guda a farkon tafiya ta fi ƙananan tuddai goma da aka warwatsa sauƙi, domin su ƙananan ba sa barin numfashi ya daidaita. Hanyar da ta ajiye babban tudunta a ƙarshe kuwa, juya ta ka fara daga can.

Mataki na biyu: san irin hanyar da doka ta ba ka

Wannan jiha tana da wata doka da ba ko'ina ake da ita a Jamus ba. Sashe na 37 na dokar gandun dajinta ya hana hawa keke a duk hanyar daji da faɗinta bai kai mita 2 ba, sai fa inda hukuma ta kafa alamar izini. Ga mai keken tsakuwa wannan ba takura ba ce, domin manyan hanyoyin katako duk sun wuce haka, mota ce ke bin su. Matsalar daga manhaja take zuwa: wani lokaci takan ga 'yar siririyar hanyar masu tafiya a ƙafa ta ce ka yanke ta nan. Kada ka bi. Ban da tara, irin waɗannan hanyoyi cike suke da saiwoyi da duwatsu, kekenka ba nasu ba ne.

Yadda za ka bambance su tun kana gida: a taswirar OpenStreetMap an kasa hanyoyin gona da na daji daraja biyar. Ta 1 mai tauri ce, kwalta ko kankare ko abin da ya kusa da su. Ta 2 tsakuwa ce da aka daddale, ita ce abin nemanka. Ta 3 gauraye ce, tsakuwa da ƙasa, tana biyuwa in ba a yi ruwa ba. Ta 4 da ta 5 ciyawa ce da taɓo. Tsara tafiyarka a kan 1 da 2, ka bar 3 ta zama ɗan abin haɗi tsakani.

A cikin dajin za ka riƙa ganin 'yan alamomi masu kusurwa huɗu a jikin itatuwa, wasu rawaya, wasu shuɗi, wasu ja. Aikin ƙungiyar Schwarzwaldverein ne, wadda aka kafa a Freiburg a 1864, kuma domin masu tafiya a ƙafa aka yi su. Jar alamar nan a kan fari ita ce ta Westweg, hanyar da ta ratsa dajin daga Pforzheim zuwa Basel, wajen kilomita 285. Suna da amfani wajen sanin inda kake, musamman allunan mararraba da ke ɗauke da sunan wurin da tsayinsa, amma ba izinin keke ba ne. Alamar masu keke ta gari da gari fara ce da koren rubutu.

A arewacin dajin akwai gandun ƙasa da aka kafa a 2014 a kewayen mashigar tsauni ta Ruhestein. Can dokar ta fi tsanani, sai hanyar da aka ware wa keke kawai. Haka nan kewayen Feldberg, dutsen da ya fi tsayi a dajin, wanda ke ƙarƙashin kariya tun 1937. Wani babban tsuntsun daji mai suna Auerhuhn, da ya kusa ƙarewa a yankin, shi ne dalilin rufe wasu hanyoyi a lokacin sanyi da lokacin ƙyanƙyasa. Kwana a daji cikin tanti ba a yarda ba sai a sansanonin da ake kama wuri tun da wuri. Shan taba a daji kuma haramun ne a doka daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Oktoba.

Mataki na uku: gyara keken

Ba sai ka sayi sabo ba. Keken dutse ko keken gari mai ƙwari da taya mai kauri zai kai ka tafiya biyun farko da zan ambata. Abu uku ne dai ba a wasa da su.

Taya. Faɗin milimita 40 zuwa 45 shi ne daidai. Kada ka cika mata iska ta yi tauri kamar dutse, yadda muka saba yi in za a ɗora kaya. Taya mai tauri tsalle take a kan tsakuwa, ba ta kama ƙasa. Mai nauyin kilo 70 zuwa 80 ya fara da bar 2.5 a ma'aunin famfo, ta gaba ta ɗan fi ta baya laushi. In ka ji ƙarfen ƙafar na dukan dutse, ƙara. In hannunka na girgiza har yatsu su mutu, rage.

Giya. Ƙirga haƙoran ƙaramin farantin gaba, wanda feda ke juyawa, ka ƙirga na babban farantin baya. In na baya sun kai na gaba yawa ko sun fi, misali 40 a gaba 42 a baya, za ka hau kusan duk hanyar katako a zaune. In na gaba sun fi da nisa, gwiwarka ce za ta biya.

Birki. Gangaren mita 600 ko 800 a jere ba abin da birkin keken cikin gari ya saba gani ba ne. Birkin faifai ya fi, musamman da laima. Ko wane iri ne gare ka, a duba ko ya cinye kafin ranar tafiya, ba da safiyarta ba. Ƙararrawa da fitila dokar hanya ce ta wajabta su. Hular kwano doka ba ta tilasta wa mai keke ba, ni kuwa ba na rakiyar wanda ba shi da ita.

Mataki na huɗu: zaɓi hanya daidai ƙarfinka

Uku zan ba ka, duk a kudancin dajin, bi su da bi.

Ta farko zagayen tafkin Schluchsee ce. Shi ne tafki mafi girma a dajin, yana kan tsayin mita 930, madatsar da aka gama a 1932 ce ta ɗaga ruwansa. Zagayen wajen kilomita 18 ne, hawansa kaɗan. Sauka a tashar Aha, ka bi gaɓar da ke nesa da babban titi, inda tsakuwa mai laushi ke bin bakin ruwa cikin inuwa, ka haye kan madatsar, ka fito Seebrugg inda layin dogo ya ƙare. In ka gaji, jirgi na nan. In da saura, ƙarasa ta garin Schluchsee ka koma Aha. Wannan ita ce wurin koyon yadda keke ke motsi a tsakuwa, kuma ana zuwa da iyali. Ranar Lahadi da rani takan cika da jama'a, sai ka yi sammako.

Ta biyu ita na fi so, ita nake kai duk baƙon da ya ce yana son ganin dajin. Farawa daga tashar Hinterzarten, mita 885. Bi alamar Alpersbach, ka ratsa gonaki da tsofaffin gidajen katako masu rufin da ya sauko kusan ƙasa saboda dusar ƙanƙara, ka ci gaba da hawa har mashigar Rinken a mita 1,196. Tsayin ya yi kusa da na garin Jos. Babban hawan ranar ke nan, mita 300 da 'yan kai, kuma ka gama da shi tun ƙafarka na da ƙarfi. Daga Rinken hanyar daji ce mai faɗi zuwa Raimartihof, tsohon gidan gona da ya haura shekara 300 da ginawa, wanda ake sayar da abinci a cikinsa. 'Yan mintuna kaɗan daga nan sai Feldsee.

Tsaya a Feldsee ka daɗe. Ƙaramin tafki ne kusan da'ira, ƙanƙarar zamanin da ce ta ƙwaƙule shi, bangon dutse ya kewaye shi ta gefe uku ya tashi sama zuwa Feldberg, ƙololuwar dajin gaba ɗaya, mita 1,493. Ruwan baƙi ƙirin, shiru kamar ba a taɓa magana a wurin ba. An hana wanka a ciki saboda wani tsiro da ke ƙarƙashin ruwan wanda ba a samunsa sai a wurare ƙalilan. Jingine keken ka taka da ƙafa. Na je wurin sau da yawa, har yau in na isa sai na yi tasbihi.

Rafin da ke fita daga tafkin sunansa Seebach, shi ne jagoranka na komawa. Bi kwarinsa ka gangara ta wajen Bärental zuwa tafkin Titisee, sannan 'yar gajeriyar hanya ta mayar da kai Hinterzarten. Duka wajen kilomita 30, hawa tsakanin mita 400 da 500 gwargwadon reshen da ka bi. In ƙafa ta ƙi, akwai tasha a Bärental, akwai a Titisee.

Ta uku daga cikin Freiburg take tashi, ba sai da jirgi ba. Birnin na kan mita 278, dutsen Rosskopf da ke bayansa, mai hasumiyar ƙarfe da injinan iska masu ba da lantarki, yana kan mita 737. Hanyoyin katako da yawa ne ke hawa, wasu ta wajen ƙaramin cocin St. Ottilien. Daga ƙololuwar ka bi manyan hanyoyin da ke bin doron tsaunin gabas zuwa ƙauyen St. Peter, ka gangara kwarin Dreisam, hanyar keke da ke bin kogin ta dawo da kai gari. Wajen kilomita 40 ce, amma hawanta ya kusa ninka na ta biyu. Hattara a saman Rosskopf: akwai hanyar gangara mai suna Borderline da aka gina wa masu keken dutse, da tsalle da duwatsu. Ba taka ba ce, kuma inda ta ratsa hanyar katako ka rage gudu ka duba, domin da gudu suke fitowa.

Wanda ya yi ukun nan bai ji jiki ba, sai ya ɗaga kai ya dubi Schauinsland, mita 1,284, hawan mita dubu cur daga birni.

Mataki na biyar: jirgi

Layin Höllentalbahn daga Freiburg shi ke ɗauke maka hawan mita 600 zuwa Hinterzarten da Titisee cikin ƙasa da awa guda, daga Titisee kuma reshe ya tafi Bärental, Aha da Seebrugg. A yawancin layukan cikin jihar ana shiga da keke kyauta ranakun Asabar da Lahadi da ranakun hutu, a ranakun aiki kuma daga ƙarfe 9 na safe. Nemi ƙofar da aka zana keke a jikinta. Ranar da gari ya yi kyau wurin kekuna kan cika, kuma in ya cika sai ka jira na gaba. Kada ka ce za ka hau kwarin Höllental da keke ta babban titin B31. Manyan motoci ne ke bin sa dare da rana, wurin kuma matsattse ne.

Mataki na shida: kaya da yanayi

Lokacin tafiya daga Mayu ne zuwa Oktoba. A watan Afrilu gari kan yi ɗumi a Freiburg alhali dusar ƙanƙara na kwance a hanyoyin da suka haura mita dubu. A kowane mita 100 na hawa, zafi kan ragu da fiye da rabin digiri, don haka tsakanin birni da saman Feldberg akwai bambancin digiri 8 ko kusa. Ƙara da wannan: ka hau kana gumi, rigarka ta jiƙe, sannan ka gangara minti ashirin iska na dukanka ba ka taka feda. Nan ne sanyi ke kama mutum, ko a watan Yuli. Rigar tare iska da ruwa marar nauyi dole ce, a saka ta a saman tudu kafin a fara gangara, ba bayan haƙora sun fara haɗuwa ba. Safar hannu mai rufe yatsu ma haka, domin yatsan da ya sandare ba ya matsa birki.

Sauran kayan: tif biyu ko da tayarka marar tif ce, faci da gam, famfo, ƙarafan ɓalle taya, ƙaramin makullin aljihu mai baki da yawa, mahaɗin sarƙa guda. A dajin nan ba mai faci a gindin bishiya. Wanda bai taɓa cire tayar baya da hannunsa ba ya gwada a ɗaki sau biyu kafin ya fita. Ruwa gora biyu. Dabino, ayaba, gyaɗa, burodi. Kuɗi a hannu, domin gidajen abinci na kan tudu da yawa ba sa karɓar kati. Sauke taswirar a waya yadda za ta yi aiki ba intanet, saboda a cikin kwaruruka sabis kan ɗauke ɗif.

Duba hasashen yanayi da safe. Da rani hadari kan haɗu bayan azahar, da tsawa. In an faɗi haka, tsara yadda za ka bar tudu kafin lokacin. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare, a ƙarshen Oktoba kuwa biyar da 'yan mintuna magariba ta yi, kuma cikin itatuwa duhu kan riga haka.

Mataki na bakwai: hawa da gangara

A hawa, zauna. In ka miƙe tsaye a kan feda nauyi ya bar tayar baya, sai ta yi ta juyawa a banza. Sauya giya tun kafin tudun ya matse ka, ka riƙe gudun da za ka iya magana da na kusa da kai. Sannu ba ta hana zuwa. Kowane minti arba'in ka ci wani abu ko ba ka jin yunwa.

Gangara ita ce inda ake jin ciwo, don haka zan daɗe a kanta. Riƙe ƙasan kan keken inda yatsu suka fi samun birki, ka ja jikinka baya kaɗan, gwiwa da gwiwar hannu a sake. Matsa birki biyun tare, a hankali, kuma ka gama rage gudu tun hanya na miƙe, kafin kwana. Wanda ya damƙe birkin gaba a tsakiyar kwana a kan tsakuwa, ƙasa zai sha. Tsakuwa kan taru a tsakiyar hanya da gefenta. Sawun tayar mota guda biyu su ne masu tauri, bi na dama. Kada ka riƙe birki ɗaurin gwarmai tun daga sama har ƙasa, zafi zai rage masa ƙarfi. Matsa, saki, matsa.

Abubuwa uku ke jiran mai gudu a bayan kwana. Na farko magudanan ruwa na ƙarfe ko katako da aka gindaya a hanya a karkace domin kada ruwan sama ya cinye ta. Tsallaka su kai tsaye, kada tayarka ta bi tsawonsu, musamman in sun jiƙe. Na biyu sandar ƙarfe da ake tare bakin hanyar daji da ita, galibi a ƙarshen gangare daidai inda gudu ya fi yawa. Na uku mutane: tsofaffi masu sanda, yara, karnuka. Kaɗa ƙararrawa tun daga nesa, rage gudu zuwa na mai tafiya, ka ce "Hallo" ka ce "Danke". Yawan rigimar da ke tsakanin masu keke da masu ƙafa a jihar nan daga rashin wannan ta samo asali, kuma duk wanda ya wuce su da ƙura ya ɓata wa na bayansa.

Ka tuna kuma dajin wurin aiki ne. In ka ga kyalle ko igiya an gindaya da rubutun "Holzfällung" ko "Lebensgefahr", ana sare itace ne, rai na cikin haɗari. Juya, ko da ba ka jin ƙarar zarto, ko da zagayen zai ƙara maka kilomita biyar. Kada ka hau tarin gungumen da aka jera a gefen hanya domin hutu ko hoto, sukan mirgino. Da kaka akan rufe wasu sassa saboda farauta, alamar takan ce "Jagd". In hanya ta ratsa makiyaya, rufe ƙofar da ka buɗe, ka yi nesa da saniya mai ɗan maraƙi. Wayar da ke kewaye da su kuma akwai lantarki a jikinta.

Mataki na takwas: ci da sha

Nan sai Musulmi ya buɗe ido. Abincin da yankin ya yi suna da shi naman alade ne mai hayaƙi, kalmomin "Schinken" da "Speck" shi suke nufi, kuma akan barbaɗa shi a soyayyen dankali da Flammkuchen, wata siririyar gurasa da ake gasawa, ba tare da an rubuta ba. Maultaschen, wato 'yan ƙunshin taliya masu nama a ciki, galibi da shi ake cusa su. Sanannen kek ɗin nan na yankin, Schwarzwälder Kirschtorte, da barasar 'ya'yan itace ake jiƙa shi. Abin sha mai suna "Radler" ma'anar sunansa mai keke, amma barasa ce aka gauraya da lemo. "Most" ma barasa ce ta tuffa. Abin da za ka nema shi ne Apfelschorle, ruwan tuffa da ruwa mai gas, ba abin da ya fi shi kashe ƙishin hawa. Na ci kuwa akwai Käsespätzle, taliyar yankin da cuku, ko Bibiliskäs, wani kindirmo mai kauri da ake ci da dankali ko burodi, ko kifin rafi. Ka ce "ohne Speck, ohne Alkohol", za su gane, ban taɓa ganin wanda ya ɓata rai ba.

Gidajen abincin kan rufe rana guda ko biyu a mako, sau da yawa Litinin ko Talata, kantuna kuma ba sa buɗewa ranar Lahadi. A bakin wasu gonaki za ka tarar da kwamin ruwan sanyi an jera kwalabe a ciki da ɗan akwatin kuɗi, ba mai tsaro. Ɗauki ka jefa kuɗin. Maɓuɓɓugan ruwa suna da yawa, sun isa alwala, amma wanda aka rubuta wa "Kein Trinkwasser" ba na sha ba ne. 'Yan rumfunan katako da ke mararrabar hanyoyi sun dace da salla in ƙasa ta jiƙe.

Mataki na tara: kaska da gaggawa

Kaskar dajin nan ƙarama ce ƙwarai, wata ba ta fi ƙwayar riɗi ba, kuma tana ɗauke da cuta biyu. Ɗaya FSME, mai taɓa ƙwaƙwalwa, kusan duk jihar na cikin yankin haɗarinta. Tana da allurar rigakafi sau uku, ka tambayi likitanka tun kafin bazara. Ɗayar Borreliose, ba ta da allura, amma cire kaskar da wuri na rage haɗarin. Da ka dawo gida ka duba bayan gwiwa, matsematsi, hammata da bayan kunne. In ka same ta, kama ta da hantsaki dab da fata ka ja a hankali, ba mai, ba wuta. In jan zobe ya bayyana a wurin yana faɗaɗa bayan kwanaki, sai asibiti.

Lambar gaggawa 112 ce, su ke tura masu ceton tsauni na Bergwacht. Abin da za su fara tambaya shi ne inda kake, shi ya sa yake da kyau ka riƙa karanta sunan kowace mararraba da ka wuce. Kafin ka fita ka tura wa wani taswirar hanyarka da lokacin da kake sa ran dawowa, tafiyar farko kuma ku yi ta ku biyu.

Da ka iso gida, wanke ƙurar tsakuwar daga sarƙa ka sa mata mai tun a daren, domin ƙurar nan kamar yashi take cin ƙarfe. Sannan ka rubuta lamba uku a wani wuri: nisan da ka yi, mitocin da ka haura, da awannin da suka ci. Da su za ka gyara lissafin mataki na farko ya zama naka, ka san ko mako mai zuwa Rinken ce ko Rosskopf.